Yadda ake buga zanen tsuntsaye da allon sassaƙa bisa sauyin yanayin shekara

Duk wanda ya saba lura da tsuntsaye ya san cewa jikinsu da halinsu suna tafiya ne tare da shekara. Namijin mulufi da ake gani ja wur a kan dogayen ciyayi cikin damina, fuskarsa da cikinsa baƙi wuluk, da zarar lokacin sheƙa ya wuce sai ya zubar da wannan ado ya koma ruwan ƙasa mai ratsi-ratsi, har a kasa bambanta shi da macen. Zalaiɗu yakan ja doguwar wutsiya na 'yan watanni sannan ya rabu da ita. Balbela takan fitar da gashi ruwan goro a ka da ƙirji da baya idan za ta yi ƙwai, shamuwa kuwa tana isowa ne gabanin ruwan farko, ta yi 'ya'ya tsakanin Mayu da Agusta a ƙasashen Afirka da ke arewa da layin da ya raba duniya biyu, sannan ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Wannan sauyi shi ne abin da za a yi ƙoƙarin kamawa a nan, ta hanyar sassaƙa zane a kan allo, a shafa masa tawada, a buga shi a kan takarda sau da yawa.

Kuskuren da na fi gani a wurin masu koyo shi ne su sassaƙa tsuntsu ɗaya, su buga shi sau huɗu, kowane bugu da launi daban a bayansa, sai su ce kore damina ne, rawaya kaka, toka-toka hunturu. A ganina wannan gajeriyar hanya ce da ba ta kai mutum gida. Ya kamata yanayi ya bayyana a jikin tsuntsun kansa, a tsayuwarsa da kwanciyar gashinsa da abin da yake yi, ya kuma bayyana a yawan farin da aka bari a takarda, ta yadda ko da baƙar tawada kaɗai aka yi bugun mai kallo zai ji zafi ko sanyi. Launi yana zuwa ne daga baya ya ƙarfafa abin da wuƙa ta riga ta faɗa.

Kallo kafin sassaƙa

Aikin yana farawa da ɗan littafin zane da fensir, a wurin da tsuntsaye suke sauka. Ba sai an nemi tsuntsu mai wuyar gani ba, domin kurciyar da ake gani kullum ta fi amfani ga mai koyo fiye da baƙon tsuntsun da ya sani a hoto kawai. Tsuntsu ba ya tsayawa a zana shi, saboda haka kada a nemi kammala zane ɗaya. A cika shafi da ƙananan zane-zane na daƙiƙa ashirin ko talatin, a kama layin da ya taso daga baki ya bi ta baya zuwa wutsiya, a lura da inda ƙafa take ɗauke da nauyin jiki. A rubuta kwanan wata a gefe, tare da yadda sararin sama yake da irin ciyawa ko reshen da tsuntsun ya sauka a kai, domin bayan watanni shida wannan rubutu ne zai tuna wa mai zane abin da ido ya manta.

Akwai 'yan abubuwa na halittar tsuntsu da saninsu yake kare zane daga kuskuren da masu lura za su gano nan take. Gaɓar da ake gani a tsakiyar ƙafa tana lanƙwasawa baya, wadda mutane da yawa suke ɗauka gwiwa ce, a gaskiya idon sawu ce, gwiwar kuwa tana sama a ɓoye cikin gashi. Galibin tsuntsayen da ke sauka a reshe suna da yatsu uku a gaba da ɗaya a baya, amma aku da maƙwaƙƙwafi suna da biyu a gaba, biyu a baya. Zalɓe da balbela suna naɗe wuya idan suna tashi, alhali shamuwa da gauraka suna miƙe nasu sosai, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba su ko da inuwarsu ce kawai aka sassaƙa a sama. Ido yana zama ne kaɗan a saman layin da baki yake buɗewa. Idan aka ɗaga shi ko aka matsar da shi baya, sai tsuntsun ya fito kamar abin wasan yara.

Hoto yana da amfani wajen tabbatar da tsarin gashin fiffike ko siffar baki, amma a kiyayi kwafe hoton da wani ya ɗauka ba da izininsa ba, kuma a kiyayi matsawa kusa da sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, domin iyaye sukan guje ta idan aka dame su.

Kayan aiki

Allon da ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne lino. Asalinsa shimfiɗar daɓe ce da Frederick Walton ya ƙirƙira a Ingila a farkon shekarun 1860, daga man linsid, wato man da ake tatsa daga irin wani tsiro, da aka bari ya daskare aka haɗa da garin katako da ƙaro a kan algarara, kuma sai a farkon ƙarni na 20 masu zane suka fara sassaƙa shi. Fifikonsa a kan katako shi ne ba shi da jijiya, wuƙa tana tafiya ta kowace fuska ba tare da ta tsage shi ba. Akwai kuma allunan roba masu laushi, waɗanda suka fi sauƙin yanka amma ba sa riƙe siririn layi kamar lino. Allo mai faɗin santimita 10 da tsawon 15 ya isa aikin farko.

Sai wuƙaƙen sassaƙa, kuma guda uku sun wadatar: ƙarama mai baki kamar harafin V don siraran layuka, matsakaiciya mai baki kamar U don gashi da ganye, da babba mai faɗin baki don share fili. Ana buƙatar rola ta roba wadda ta ɗan fi allon faɗi idan da hali, da farantin gilashi mai kauri don murza tawada, da cokalin katako don gogawa, da takarda mai shara-shara, da kwali mai ƙarfi, da samfefa mai laushi. Tawada iri biyu ce. Mai ruwa tana da sauƙin wankewa amma tana bushewa a kan gilashi tun ba a gama aiki ba, musamman idan iska ta bushe. Mai mai tana ba da launi mai zurfi kuma tana jiran mai aiki, sai dai bugunta yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe. Ita nake zaɓa, musamman nau'inta da aka haɗa don a iya wanke shi da sabulu. Takarda kuwa, tunda da hannu za a goga, gara mai santsi marar kauri, wadda nauyinta bai wuce giram 120 a murabba'in mita ba.

Mayar da zane baƙi da fari

A bugun allo, duk inda wuƙa ta ci zai fito fari, duk inda aka bari zai ɗauki tawada. Ma'ana, mai sassaƙa haske yake zanawa, saɓanin mai fensir wanda yake zana duhu, kuma wannan juyin tunani shi ne ya fi ba masu koyo wahala. Hanyar sabawa da shi ita ce a ɗauki baƙar takarda da farin alli ko farin fenti, a sake zana tsuntsun ta hanyar sa farin kawai. Nan take za a ga cewa babu toka-toka, kuma dole a yanke hukunci a kan kowane yanki: ko fari, ko baƙi, ko layuka da ɗigo waɗanda ido zai gauraya daga nesa.

A nan ne ake tantance abin da zai raba tsuntsu da bayansa. Farin tsuntsu kamar balbela yana buƙatar duhu a bayansa, baƙin tsuntsu yana buƙatar fili, tsuntsu mai baƙi da fari kamar hankaka kuwa ana iya sauya masa baya, a sa duhu a bayan farin ƙirjinsa, a sa haske a bayan baƙin fiffikensa. Kada a zagaye tsuntsu gaba ɗaya da layi mai kauri ɗaya, domin hakan yana daskarar da shi. A bar layin ya yi kauri a ƙarƙashin ciki inda inuwa take, ya sirance ko ya ɓace a bayan da haske ya sauka. Thomas Bewick, mai sassaƙa zane ɗan Ingila, wanda kundinsa na farko a kan tsuntsayen Birtaniya ya fito a 1797, ya yi aikinsa ne a kan ƙananan allunan katako mai tauri, kuma abin da har yau ake koya daga gare shi shi ne yadda siraran fararen layuka a cikin baƙi suke nuna laushin gashi. Yakan kuma ɗan rage tsayin wasu sassan allon don su taɓa takarda a hankali su fito da duhu mai sauƙi, dabarar da ake iya kwaikwaya a kan lino da samfefa.

Idan zane ya kammala, a kwafe shi da fensir mai laushi a kan takarda mai shara-shara, a kifa ta a kan allon, a goga bayanta. Zanen zai sauka a juye, kuma haka ake so, domin bugu zai sake juya shi ya koma daidai. A bi layukan da alƙalami marar gogewa. Yana da kyau kafin nan a ɗan goge fuskar allon da samfefa mai laushi, a kuma shafa masa siririn launi, don kowane yanka ya fito fili a ido.

Sassaƙa

Lino yana taurara da sanyi da tsufa, don haka a ɗan ɗumama shi a rana ko kusa da abu mai ɗumi kafin a fara. A tokare allon da katako mai ƙugiya a bakin tebur ko a shimfiɗa masa abin da zai hana shi zamewa, kuma hannun da ke riƙe da shi ya kasance a bayan wuƙa koyaushe, domin kusan duk raunin da ake ji a wannan sana'a yana zuwa ne daga wuƙar da ta kuɓuce ta sami yatsa a gabanta. Wuƙa marar kaifi ta fi haɗari, saboda tana buƙatar ƙarfi, ƙarfi kuma shi ne yake sa ta zarce. A riƙa wasa ta a kan fata a kai a kai. Idan za a yanka lanƙwasa, allon ake juyawa, hannu yana tafiya a miƙe.

A fara da ido da baki, tun hannu bai gaji ba, domin idan suka lalace gara a sani da wuri. Ɗan farin ɗigo a cikin ido, wanda ake cirewa da kan wuƙar V a juya ta wuri ɗaya, shi ne yake ba tsuntsu rai. Daga nan a bi gashi ta fuskar da yake kwanciya, daga kai zuwa wutsiya, kuma a tuna cewa gashin jiki ba iri ɗaya ba ne: na kai gajere ne ƙwarai, ana nuna shi da ƙananan tsaga, na ƙirji mai laushi ne, yana son gajerun yanka masu lanƙwasa da wuƙar U, na fiffike da wutsiya dogaye ne masu tauri, suna son layi ɗaya miƙaƙƙe da aka ja ba tare da tsayawa ba. Ba a sassaƙa kowane gashi. Idan aka cika jiki duka da yanka, sai tsuntsun ya zama kamar kifi mai ɓawo; a bar wasu wurare baƙi tsantsa don ido ya huta.

Wajen share fili ne yawancin mutane suke yin gaggawa, alhali a nan ne yanayi yake samun wurin zama. Wuƙar U tana barin ƙananan tudu tsakanin yanka da yanka, waɗanda sukan ɗauki tawada su fito kamar siraran layuka. Maimakon a kankare su duka, a shirya musu alkibla tun farko: a karkace su zama ruwan sama, a kwance su zama iska ko hazo, a zagaye tsuntsu su zama zafin rana. Abin da aka cire ba ya dawowa, saboda haka idan an kai rabin aiki a tsaya a yi bugun gwaji, ko a ɗora takarda a goga fensir a kanta, a ga inda aka kwana.

Tawada da bugu

A ɗebo tawada kaɗan a shimfiɗa ta a layi a saman gilashi, a riƙa ɗauka da rola ana murzawa gaba da gefe, ana ɗaga rolar bayan kowane turi don ta juya ta ɗauki tawada ko'ina. Kunne yana taimakawa a nan: tawadar da ta yi daidai tana yin siririyar ƙara, fuskarta kuma tana kama da karammiski, wadda ta yi yawa kuwa tana ɗanƙo da ƙara mai nauyi tana tayar da ƙuraje. A shafa wa allo siriri sau uku ko huɗu daga fuskoki daban-daban, wanda ya fi shafa mai kauri sau ɗaya. A ɗora takarda ba tare da ta motsa ba, a danna da tafin hannu, sannan a goga da bayan cokali a ƙananan da'ira daga tsakiya zuwa gefe. Ana iya ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa alhali ɗaya hannun yana danne da sauran.

Bugun farko da na biyu sukan fito da rauni domin allon bai sha tawada ba tukuna, don haka a yi su a takardar gwaji. Idan fararen ɗigo sun cika baƙi, to tawada ce ta yi kaɗan, ko gugar ba ta isa ba, ko takardar ta cika kaushi. Idan siraran layukan gashi sun toshe, tawada ta yi yawa. Idan zane ya fito da inuwa biyu, takarda ce ta motsa. Ɗigo mai farin zobe kuwa alama ce ta ɓarɓashin lino da ya maƙale a rola, shi ya sa ake share allo da buroshi kafin a kawo tawada kusa.

Sa yanayi a cikin zane

A lokacin tsananin zafi, tsuntsu yakan kwantar da gashinsa ya sirance, ya buɗe baki yana haki, ya ɗan saki fikafikai nesa da jiki, domin tsuntsaye ba sa yin gumi. Zanen bazara yana son fari mai yawa da gajeriyar inuwa a ƙarƙashin tsuntsu, da reshe wanda bai gama fitar da ganye ba. Idan shamuwa ce, ya isa a sa baƙin hadari a kusurwa ɗaya ta sama, a bar sauran takardar fayau, mai kallo zai gane cewa ruwa yana hanya.

Damina kishiyar wannan ce, domin a nan duhu ne yake rinjaye, kuma fari yana shigowa ne ta hanyar layukan ruwa da ƙyallin ganye. A yanka layukan ruwan da wuƙar V ta fuska ɗaya, masu tsawo daban-daban, wasu su ratsa ta gaban tsuntsu don a ji cewa yana cikin ruwan. Wannan ne lokacin ado da kai-kawo, na mulufi a kan ciyawar da ta lanƙwashe da nauyinsa, da tsuntsu mai ɗauke da tsinke zuwa sheƙa. Idan aka buga shuɗi mai shara-shara a kan rawaya za a sami kore mai rai wanda ya fi na gwangwani, kuma da alluna biyu an sami launi uku ke nan.

Kaka lokacin garke ne, ciyawa ta yi iri, tsuntsaye suna sauka da yawa. Sassaƙa garke yana da tarko, domin hannu yakan maimaita siffa ɗaya da tazara ɗaya har ta zama kamar adon atamfa. A bambanta girma don a nuna nesa da kusa, a bar wasu su hau kan wasu, a bar wasu su fice daga gefen zane, kuma a yi aƙalla siffar fiffike uku: a sama, a miƙe, da a ƙasa. Wasu sukan sassaƙa ƙananan tsuntsaye a gutsattsarin lino dabam, su buga su ɗaya bayan ɗaya kamar hatimi, wanda yake ba da damar sauya tsarin garken daga bugu zuwa bugu.

Hunturu shi ne ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ya fi wahala, domin allo yana son kaifi, hazo kuwa ba shi da baki. Tsuntsu a cikin sanyi yakan kumbura gashinsa don ya riƙe iska mai ɗumi, ya janye wuya, wani lokaci ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɓoye ta, har jikinsa ya zama kusan dunƙule. Wannan siffa kaɗai ta gaya wa mai kallo lokacin da ake ciki. Don samun hazo, a gauraya launi kaɗan da tawada marar launi wadda ake sayarwa don sirka, har ya zama kamar hayaƙi, ko a yi amfani da bugu na biyu wanda ba a sake shafa wa allo tawada ba, a buga itatuwan nesa da shi, sannan a ɗora tsuntsun da baƙi mai ƙarfi a gaba. A ƙasashen da dusar ƙanƙara take sauka, farin takarda shi ne dusar, kuma masu bugun Japan sukan danna allo marar tawada a kan takarda mai ɗan danshi don ya bar shaida mai tudu da kwari, fari a kan fari. A Japan, zanen tsuntsaye da furanni fanni ne mai zaman kansa, inda ake haɗa kowane tsuntsu da abin da yake nuna lokacinsa, kamar dinyar daji da farin watan kaka, kuma ayyukan mai zane Ohara Koson, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1945, sun cancanci mai koyo ya daɗe yana kallonsu, musamman fararen zalɓensa a cikin ruwa da dusa.

Kowa ya bi yanayin inda yake, domin tsuntsu ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana biyu. Tsattsewar da mutanen Turai suke ɗauka alamar ƙarewar sanyi, ita ce take ƙetare Sahara ta zama baƙuwa a kudu a watannin da Turai take cikin sanyi. Wanda yake inda shekara ta rabu biyu kawai, ruwa da rani, babu abin da ya tilasta masa zane huɗu.

Sararin sama mai sauya launi a hankali ana samunsa ne ta hanyar ajiye launi biyu gefe da gefe a kan gilashi, a murza rola ta fuska ɗaya kawai har iyakarsu ta narke, sannan a shafa wa allo ba tare da an juya rolar ba. Da wannan ake yin asuba da almuru.

Daidaita launuka

Da zarar launi ya wuce ɗaya, dole takarda ta sauka a wuri ɗaya daidai a kowane bugu. A yanka rami a kwali daidai girman allo don ya zauna daram, a manna gutsuren kwali mai siffar L a kusurwa ɗaya da wani miƙaƙƙe a gefen ƙasa, ta yadda kowace takarda za ta jingina da su kafin a sake ta. Masu bugun Japan suna yanka irin waɗannan alamu biyu a jikin allon kansa, suna kiransu kento. Wajibi ne a yanka takardun duka girma ɗaya, a sa alama a bayan kusurwar da ake jinginawa.

Hanya ta farko ita ce allo dabam ga kowane launi. A fara sassaƙa allon da ke ɗauke da baƙin zane, a buga shi a takarda mai santsi, tun tawada ba ta bushe ba a kifa takardar a kan sabon allo a cikin ramin kwalin a goga, sai zanen ya sauka a daidai wurinsa. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya sake bugu kowane lokaci da launuka daban. Hanya ta biyu allo ɗaya ne ake ragewa: a cire inda ake son fari, a buga launi mafi haske a kan dukkan takardu, a wanke allo a ƙara cire inda ake son wannan launi ya tsaya, a buga na gaba, haka har zuwa mafi duhu. Mai zane Pablo Picasso ya shahara da ita a wajajen 1959, lokacin da yake aiki da mabugi Hidalgo Arnéra a garin Vallauris na Faransa. Launuka suna daidaita da kyau a wannan hanya, amma babu komawa baya, domin allon yana ƙarewa tare da aikin. Wanda yake son kwafi goma masu kyau ya fara da sha biyar. A bar kowane launi ya bushe kafin a ɗora wani, kuma a riƙa shafawa siriri, in ba haka ba na uku zai zame a kan na biyu ya yi ƙyalli.

Ga jerin zanen yanayi, shawarata ita ce a haɗa hanyoyin. A sassaƙa allo ɗaya na reshe ko bakin ruwa wanda zai fito a kowane zane a wuri ɗaya, sannan a sassaƙa tsuntsu da ganye da sama sabo ga kowane lokaci. Abin da bai sauya ba shi ne yake sa ido ya lura da abin da ya sauya, kuma idan aka jera zanen a bango, mai kallo zai ga shekara tana wucewa ta kan reshe guda.

Shanya da ajiya

A rataye bugu a igiya da maƙalai ko a shimfiɗa su ba tare da sun taɓa juna ba, nesa da ƙura da hasken rana kai tsaye. Tawada mai mai tana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iska, saboda haka danshi da sanyi suna jinkirta ta. A wanke allo da rola da ɗan man girki sannan da sabulu, amma kada a jiƙa lino a ruwa, domin algararar bayansa takan ja ta lanƙwasa shi. Tsummokaran da suka sha man linsid suna iya yin zafi su kama wuta da kansu idan aka dunƙule su wuri ɗaya, don haka a baje su su bushe a waje ko a nutsar da su a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Idan bugu ya bushe, a ware waɗanda suka fito iri ɗaya a sa musu lamba da fensir a ƙasan zane: a hagu lambar kwafi da jimillar adadi, misali 3/12, a tsakiya sunan zane, a dama sa hannu da shekara. Adadin da aka rubuta alkawari ne, ba a ƙara bugu a kansa bayan an rufe. A ajiye zanen a kwance da siririyar takarda tsakanin kowane biyu, allunan kuma a kwance a wuri mai sanyi marar danshi, a rubuta a bayan kowanne tsuntsun da watan da aka gan shi, tare da gwajin launukan da aka haɗa, domin idan shekara ta zagayo aka koma kan allon reshen za a buƙaci sake haɗa launinsa daidai.